Ƙanƙarar Da Na Ɗaura Wa Ƙanena A Gwiwa

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina jinjina kai, yau kuma ga nawa, sai dai ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta adabi. Yarinya ce ni mai shiru, mai son zama bakin taga ina kallon hazo yana sauka kan duwatsun Jos ina haɗa baitoci a raina. Na fi yarda da abin da zuciyata ta zana mini fiye da abin da ke gabana. Gidanmu yana Dilimi, mahaifina kuma tsohon ɗan ƙwallo ne. Da ƙwallon tsumma ya fara a gefen tsofaffin ramukan kuza, ya shiga kulob, aka kira shi ƙungiyar ƙasa a matsayin mai tsaron baya, har ya yi 'yan shekaru yana buga wa wani kulob a ƙasar waje. Hotonsa cikin rigar ƙasa yana rataye a falonmu, amma ni ban taɓa sanin wannan saurayi na hoto ba. Wanda na sani dattijo ne mai ɗingishi, wanda sanyin safiya ke hana gwiwarsa lanƙwasuwa har sai ya yi salla a kan kujera. Tun ina ƙarama ni ke dafa ruwa in tsoma tawul in ɗora masa. A irin wannan zama ya ba ni labarin yadda wasansa ya ƙare. Gwiwar ta kumbura ana gobe wani babban wasa, aka yi masa allura aka ce ƙasa na bukatarsa. Ya buga har ƙarshe bai ji komai ba, daga ranar kuma ƙafar ba ta sake zama tasa ba.

Bayan ya ajiye takalmi ya yi kwas na horarwa, ya riƙe wani kulob na ɗan lokaci, sannan ya dawo gida ya tara matasa daga Dilimi da Kabong da Daɗin Kowa, Musulmi da Kirista. Kowa Koci yake ce masa. Mataimakinsa wani Kirista ne ɗan Kabong da suka yi wasa tare tun suna samari, mai barkwanci, wanda kan ce hannun Oga Koci ya fi injin asibiti, kuma shi ba ya jiran a kawo wuta. Dalili kuwa, Baba yana da wata al'ada. Kafin kowane wasa sai ya jera 'yan wasansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannunsa a gwiwar dama da ta hagu. Duk wanda Baba ya ji gwiwarsa ɗaya ta fi ɗaya zafi, benci zai zauna, ko da uwarsa ce ta zo roƙo. Ya sha gaya mini cewa bakin yaro yana ƙarya, fuskarsa ma ta iya, amma gwiwar da ta ji ciwo sai ta yi zafi.

Ƙanena yana cikin ƙungiyar, a gefe yake bugawa, kuma in ya ɗauki ƙwallo har masu tallan gyaɗa kan sauke farantinsu su kalla. Sai labari ya zo cewa wasu masu neman 'yan wasa daga wani kulob na waje za su zo kallon wasansu. Ana saura 'yan kwanaki ya je ya buga wasan unguwa wanda Baba ya hana, ya murɗe gwiwa. Ya same ni a kicin ya janye wando ya nuna mini. Kumburin kaɗan ne, amma da na taɓa sai na ji zafin nan da na sani. Ya ce, yana kirana Yaya da muryar da yake roƙon nama a miya, shi ya san benci ne makomarsa. Wai Baba ya ci zamaninsa, ya hau jirgi ya ga duniya, shi kuma so ake ya tsufa a Dilimi yana tuƙa keke. Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa.

Dole in faɗi gaskiya a nan: bai roƙe ni dabara ba, ni na kawo ta. A raina na riga na gan shi a filin jirgi da jaka a kafaɗa, na riga na ji ana kiran sunan gidanmu a rediyo karo na biyu, har na fara tsara waƙar da zan yi masa. Tsoron Baba kuwa na ɗauke shi tsoron tsoho wanda ciwonsa ya hana shi ganin rabon wani. Mamanmu tana sayar da zoɓo da ƙanƙara, firizarta ba ta rabuwa da daskararrun ledojin ruwa. Ranar wasa na sayo masa maganin kashe zafi a kemis, na zuba zoɓo a kula kamar zan kai wa 'yan wasa, na jera ƙanƙara a ƙasanta. A bayan katangar filin na naɗe ledojin cikin tsohon gyalena na ɗaura masa. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na ɗaura a gwiwoyin duka biyun, don na san Baba gwada ɗaya da ɗaya yake yi. Har daɗi na ji da na tuna da wannan.

Ana gab da jera su na kwance ƙanƙarar. Da aka jera su ina tsaye nesa kaɗan, hannuna ya sandare don sanyi. Baba ya iso kansa ya ɗora hannu, ya ɗan daɗe fiye da yadda ya saba, ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa. Sai ya ce safiyar yau akwai sanyi, ya je ya yi gudu sosai jikinsa ya ɗumama. Mataimakin ya tsokane shi cewa yau in bai ci ƙwallo ba kada ya sha zoɓon yayarsa. Kafin hutun rabin lokaci ƙanena ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba, na ga baƙin suna nuna shi suna magana a tsakaninsu, zuciyata kamar ta tashi sama. An dawo ba da jimawa ba ya zo zai juya da ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, sai kawai ƙafar ta lanƙwashe ya zube. Baba ba ya iya gudu, don haka da ɗingishi ya ratsa filin tun daga wancan gefe, kowa yana kallonsa. Ban taɓa ganin tafiya mai tsawon wannan ba.

A asibiti likita ya ce jijiyoyin gwiwar sun tsinke, kuma da alama sun riga sun ji rauni tun kafin wasan. Da an huta musu na 'yan makonni, wataƙila da sun warke. Aka yi tiyata, ya tashi yana tafiya, amma gudun nan nasa bai dawo ba. Ƙanena bai tona ni ba. Baba kuwa ya daina zuwa fili. Mataimakinsa ya yi ta zarya gidanmu yana cewa yara suna watsewa, wasu sun fara zaman banza a bakin titi, Oga ya taimaka ya dawo. Baba ya amsa masa cewa hannun da ya kasa gane gwiwar ɗan cikinsa ba shi da hurumin taɓa ta 'ya'yan mutane. Ina jin wannan daga bayan labule, kuma kowace safiya ina kawo masa tawul ina kallon yadda yake juya tafin hannunsa yana dubawa kamar wani abu da ya ci amanarsa.

Wata safiya, ina durƙushe tawul na tururi a hannuna, na gaya masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ruwan ya fara hucewa. Sannan ya tambaye ni ko gwiwoyin duka biyun na ɗaura wa, na ce e. Ya gyaɗa kai ya ce ashe duk shekarun nan ina sauraronsa da kyau. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce in sani, waɗanda suka yi masa allura ma ba maƙiyansa ba ne, su ma alheri suke hango masa. Daga nan ya ce in je in sake ɗora ruwa, ƙanena ma yana bukata.

Baba ya koma fili bayan haka. Yanzu sai sun yi gudu sun yi gumi kafin ya taɓa su. Ƙanena ne ke riƙe masa usur, kuma ya ce ya yafe mini, har yakan tsokane ni da likitar ƙanƙara. Amma nakan ga yadda yake tashi ya bar falo idan aka nuno sa'o'insa a talabijin.

Abin da na koya shi ne, so ma yana iya yin ɓarna idan mai shi ya fi ƙaunar mafarkinsa fiye da mutumin da ke gabansa. Ni ban kalli gwiwar ƙanena ba, waƙar da zan rubuta na kalla. Ina roƙon 'yan'uwa, iyaye da yayye da abokan 'yan wasa, idan wanda ya taɓa jin ciwon ya ce a dakata, a dakata. Kada ku taya yaro ɓoye rauni don baƙo ya zo kallo, baƙon zai koma da wani, ku za a bari da ƙafar. Ni dai waƙar nan ban rubuta ta ba. Kullum da safe ruwa nake dafawa kamar yadda na saba tun ina ƙarama, sai dai yanzu tawul biyu nake tsomawa.