Murfin Ƙwaryar Inna Turai

Duk wanda ya taɓa shan fura a tashar Gwaram ya san Inna Turai. In ta ƙwala wa mai babur kira, har a garin Sara sai an waiwayo. Sauran mata da faifan kaba suke rufe ƙwarya, ita kuwa nata wani baƙin faifai ne mai huda a tsakiya, gadon ubanta. Shekara talatin yana tare mata ƙuda.

Ran nan Malam Hambali mai gyaran rediyo ya ɗaga murfin zai leƙa nono, sai ya tsaya yana karanta ɗan rubutun da wanki ya bari.

"Inna, wane ne Iliyasu mai kukuma?"

"Babana ne. Ya rasu ina goye. Ina ka san shi?"

"To ai da muryarsa kike rufe fura. Faifan garmaho ne wannan."

Turai ta kara faifan a kunne, shiru. Ta girgiza shi, shiru. Kwana uku ba ta yi gulmar kowa ba, har maƙwabta suka fara zuwa dubiya. A na huɗu ta sayar da akuya, ta ce sai ta ji muryar nan, amma kuɗin akuya ɗaya, ko ƙwandala ba za ta ƙara ba.

Ta tasa Hambali a gaba sai Birnin Kudu, shagon Alhaji Munzali mai tsofaffin kayan sauti. Garmaho biyu ya fito da su. Ɗaya sabo fil, fitilu ja da kore kamar motar amarya. Ɗayan tsoho, ba sifika, nauyi kamar dutsen niƙa.

Hambali ya shiga bayani: a duba allura, a duba bel mai juya faifai, kada hannun ya danne faifai ya cinye shi.

"Malam, ka gama huɗubar? Alhaji, a ba ni ruwa a kofi."

Ta sa aka kunna sabon, ta ɗora kofin a gefensa. Ruwa ya kama rawa.

"Wannan da 'yar talla ce, kafin ta kai tasha ta zubar min da rabin nono."

A kan tsohon kuwa ruwa ko motsi. Nan ta zauna ciniki, har Alhaji ya aika a sayo masa maganin ciwon kai. Kafin la'asar, kuɗin akuyar nan ya sayi garmaho da sabuwar allura da sifika guda mai ɗaurin waya.

Hambali ya goge faifan, ya sauke allura a hankali. Da farko sai ƙara kamar ana suyar ƙosai. Can kukuma ta shigo, sai murya.

Turai ta zaci za ta ji zaki. Sai ga wata 'yar siririyar murya ta saurayi, ko autanta ya fi shi kauri. Ta dafe baki.

"Wayyo Baba. Ashe yaro ne kai."

Yaron kuwa sai kiran Batulu yake, Batulu mai wushirya, Batulu ta hana shi barci.

Alhaji ya ce, "Allah sarki, ya so mahaifiyarki."

"Innata Zulaiha ce. Kuma ba ta da wushirya."

Turai ta sa aka maimaita waƙar sau biyar, sannan ta yi gammo, ta ɗora garmaho a ka.

"Inna, motar Gwaram tana can," in ji Hambali.

"Basirka za ni. Goggo Abu, ƙanwar Baba, tana nan da ranta, kuma bakinta bai tsufa ba. Yau sai ta faɗa min wace ce Batulu."