Tseren iyon da na ci da ƙafa

Ko na manta komai na zamanin lekol, wato makarantar boko, a Filinge, ba zan manta ranar da na ci tseren iyo ba, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Lokacin Nasara bai daɗe da kama ƙasarmu ta Kurfai ba. Ni ɗalibi ne mai kunya, kullum ina duƙe a kan takarda. Mushenmu, wato malaminmu, yana da tsohuwar jarida mai hoton wani Ba'amurke, gwanin iyo da ƙwallon ruwa. Na haddace yadda yake jefa hannu, ina gwadawa a kan tabarma idan ba kowa.

Da damina ta cika tafkin bayan gari, kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya ce 'yan lekol su yi tseren iyo. Mu mutanen tudu, wa ya iya? Amma tafkin nan ramukan ƙasar gini ne, babana kuma magini. Magina kan bar 'yar hanya tsakanin rami da rami don jakuna, kuma da rani na auna ta taki-taki, don ni komai sai na auna.

Aka busa usur. Abokaina suka afka rami, suna shan ruwa, masu gadi suna tsamo su. Ni kuwa na bi hanyar jakuna, ruwa iya wuya, ƙafata a ƙasa, ina wurga hannu kamar mutumin jarida. Na fita tsallake ko haki ba na yi.

Kumandan ya tafa. Tafinta ya ce, "Yaro, ka taki sa'a! Za a kai ka birnin Yamai ka kara da 'ya'yan masunta a babban kogi."



Babana ya ja ni gefe, yana danne dariya. "Ɗan nema, hanyar jakkaina kab bi. Can kogi wa za shi bar maka hanya? Tahi ka hwaɗi gaskiya, ko in ce ma uwarka ta soma kuka tun yau."

Na je na faɗa wa tafinta komai. Kumandan ya yi dariya har hularsa ta faɗi, mushe kuwa ya ba ni bulala shida, na karɓa da godiya.

Har yau ban iya iyo ba. Amma na koyi cewa ƙaryar da aka kama da wuri rahama ce. Wadda aka tafa wa, ita ke kai mutum ruwa mai zurfi.