Illo da Kullun da Ya Koyi Zafi

Illo mai burodi na Lamorde ya taɓa yin faɗa da matarsa Habsatu a kan gindin randa, kuma ya sha kashi. Shekarar da fari ya koro mutanen ƙauye Yamai ce, dangi sun cika gidan har zaure. Shi ko ya ajiye ƙwaryar kullunsa mai tsami a sanyin randa, ya hana kowa giftawa.

"Malam, mutane na jin ƙishirwa, kai kana gadin ƙwarya kamar soja a ƙofar bariki?" in ji ta. "Ɗauke ta, ko in dama wa baƙi kunu da ita."

Ya ɗauke. Wa zai ja da Habsatu tana riƙe da muciya?

Ku kuna dariya, shi ko abin ba wasa ba ne a wurinsa. An rufe iyaka, maganin kumbura burodi na kanti ya ɓace. Kullun nan, da ake ɗiba a zuba a sabon kwaɓi, a ciyar da saura da gari, shi kaɗai ke tayar masa da burodi, kuma zafin bazara kashe shi yake. In ya mutu, burodi ya kwanta kamar tsohon takalmi, sarjan mai rabon garin alkama ya ba wani buhunsa, gida ya kwana da yunwa.

Da sanyi ya gagara, sai Illo ya ce to, a koya masa zafi. Ya raba kullun a ƙananan ƙorai, ya jera su jikin bangon tanderu. Yawanci suka mutu, suka yi wari. Wadda ta yi ɗan kumfa ya ciyar, ya sake rabawa, ya ƙara matsar da su kusa da wuta. Bawan Allah ya rame ya zama karan dawa, kullum hancinsa a ƙwarya.

Ranar da zafi ya kai inda jaki ke ƙin tashi, ƙwarya ɗaya ta rage, ita ma shiru. Washegari ake rabon gari. Taubashinsa Hamidu direba ya same shi tsugune, yana kallonta ko ƙiftawa ba ya yi.

"Bawana, ka gasa kullun da ke ciyar da 'ya'yanka da hannunka! Kawo in kai firigon ofishinmu a unguwar Filato ya sha sanyi, ko a ceci wani abu."

"Bari."

"Ka ji taurin kai! Gawa kake gadi?"

Gumi na ɗiga daga haɓar Illo. Can sai wani ɗan kumfa ya taso, ya fashe. Wani ya biyo shi. Hamidu bai daddara ba, ya ce ai sa'a ce, firigo ne dai tabbas.

Illo ya rungume ƙwaryar.

"Hamidu, kullu ɗan firigo, ran da kuran na lantarki ya ɗauke tare suke tafiya. Nawa kuwa, sai dai in soja za su ɗauke rana."