Mai Juya Dandamali

Yayana Genzo ya fi shekara arba'in yana aiki a gidan wasan kwaikwayo na garinmu Torigaura, amma ko wasa ɗaya bai taɓa kallo ba. Ni ce shaida, don ni ke karɓar takalman mutane a bakin ƙofa tun ina budurwa, kuma a duk shekarun nan nasa ba su taɓa zuwa hannuna ba. Shi ta ƙofar baya yake shiga, ya gangara rami.

Tsakiyar dandamalinmu zagayayye ne kamar faifai, kuma juyawa yake. A gaba a shirya ɗakin gida, a baya a shirya gada ko bakin teku, da an buga katakon ba da alama sai gida ya wuce gada ta zo. A birane inji ke wannan aikin. Mu kuwa maza huɗu ne a ƙasa, cikin duhu da warin danshi, kowa da gungumen da yake sa wa kafaɗa. Da asuba Yaya masunci ne, da rana mai turi. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, ta kuma sauka ƙasa da ta hagu, har telan layinmu ya ce ɗinka masa riga neman rigima ne.

Da 'yan wasa suka rage zuwa, sai gidan ya koma wurin 'yan yawon buɗe ido. Su sauka daga jirgin ruwa na safe, su ɗauki hoton tsohuwar hasumiyar fitila ta bakin tasha, su ci gasasshen kifi, sannan a turo mana su. Yaya ne ke gangarawa da su rami. Kullum sai ya ce a sunkuya, kullum sai wani ya ƙume goshi.

“Baba, a duk wasannin nan wanne ka fi so?” in ji wata yarinya mai kyamara wata rana.

“Wanda 'yan wasansa ba su da ƙiba,” ya ce.

Suka kwashe da dariya, shi kuwa ko murmushi. Da gaske yake.

'Ya ɗaya gare shi, Chinami. Uwarta ta rasu tun tana 'yar ƙarama, don haka a ramin nan ta tashi, tana aikin makaranta da tocila a kan matakalar dutse, ƙafafun 'yan wasa na dukan katako a saman kanta. Me ake jira daga yarinyar da aka rena haka? Tana shekara goma sha tara wata ƙungiyar 'yan wasa masu yawo gari-gari ta yi wata guda a wurinmu, da za su tafi ta ɗaure jakarta. A bakin tasha aka yi ta, gaban masu sayar da kifi.

“Baba, ka sa mini albarka mana.”

“Albarkar me? Ni da nake ƙasansu ai na san su. Fenti a fuska, yunwa a ciki, a kwana bayan labule kamar kayan gwanjo. Je ki. Amma idona ba zai taɓa ganinki a kan dandamali ba.”

Na ce, “Yaya, janye maganar nan.” Ya juya ya kama gyaran komarsa. Gidanmu taurin kai gado ne, ni ma ban tsira ba, amma nasa ya fi na kowa.

Shekaru suka ja. Ni take kira a waya, ni ke kai masa labari ba tare da ya tambaya ba: an fara ba ta magana a wasa, an ba ta rawar rufewa, a wani gari har layi ake yi don a gaisa da ita. Ya yi kamar kunnensa na kan rediyo. Can sai ya ce, “Wannan 'yar taki, tana cin abinci kuwa?” Tawa, wai.

Ciwon suga ne ya karya shi. Ya taɓa masa ido, likita ya ce a yi haƙuri, wai kafin shekara ta zagayo ba abin da zai riƙa gani sai haske da inuwa. A motar dawowa ya yi ta kallon teku ta taga. Sai da muka kusa gari ya ce, “Tomie, wai da gaske ta iya?”

“Ta iya.”

“Hm. Da mutum ya gani.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma a bakin Yaya wannan durƙuso ne. Ko gida ban shiga ba na kira ta. Chinami ta yi ta roƙon shugabansu har ya yarda su ratse ta garinmu a kan hanyarsu, wasa ɗaya da rana, su kama jirgin yamma. Ni kuma na nemo wanda zai riƙe gungumen Yaya: Bunta direban motar ƙanƙara, ƙato, mutumin kirki, wanda ke ɗaga akwatin kifi biyu da hannu ɗaya.

Ranar wasan gida ya cika maƙil, baƙi da tsofaffin gari. Sai ga Yaya ta ƙofar gaba, cikin tsohuwar kwat ɗin aurensa, maɓalli na neman tsinkewa. Ya tuɓe takalmi ya miƙo mini yana kallon gefe.

“Ah, yau manyan baƙi gare mu,” na ce. “Ranka ya daɗe, ka san hanya ko a raka ka?”

“Karɓi, sarkin surutu.”

Na kai shi sahun farko, daidai tsakiya, inda ko da ragowar idonsa zai ga fuskarta. Na ajiye masa filon zama sabo. Tsofaffin mata suna ta zunɗe, shi kuwa ya zauna ƙiƙam, hannu a gwiwa, yana kallon labule kamar ɗan makaranta.

Kashin farko na wasan babu Chinami, tata rawar ce ta rufewa. Ana cikin yi aka buga katako, lokacin juyi. Dandamali ya yi fizga ɗaya, gau! Mai fitowa a tsoho ya yi taga-taga, butar shayi ta gangaro har bakin dandamali, baƙi suka fashe da dariya suna zaton cikin shirin ne. Ba laifin Bunta ba ne. Ƙarfi gare shi, ya kuma ba da shi duka lokaci guda, ga abin kuwa lallashi yake so, kamar tura kwalekwale daga yashi. Na hango ƙeyar Yaya, na san akwai magana.

Da aka tafi hutu ya same ni wurin takalma.

“Wane takalmi za ta sa?”

“Ina ruwanka da takalminta? Koma ka zauna.”

“Dogayen nan na katako ne ko? Da lema a hannu?”

Haka ne kuwa. Tsawonsu ya kai taƙi, kuma a rawar tata dandamali ba ya tsayawa, juyawa yake a hankali tun daga farko har ƙarshe.

“Magana ɗaya zan gaya wa Bunta, ya sassauta. Yanzu zan dawo.”

“Yaya, in ka gangara ramin nan ni da kai ne.”

“Yanzu, na ce.”

Ya wuce da safa kawai. Takalmansa suna hannuna, wai ni a dole na riƙe shi.

Aka kashe fitilu, aka buga katako. Ban ma ga lokacin da dandamalin ya fara motsi ba, sai gani na yi gada tana tahowa, lumui, ko ƙara babu. Nan take na gane Yaya ne, don duk garin nan kafaɗa ɗaya ce ke turi haka. Chinami na tsaye a kan gadar, lema ta rufe mata fuska, ana zubo mata yankakkiyar farar takarda daga sama. Ta ɗaga lemar sannu a hankali, idonta ya sauka kai tsaye a tsakiyar sahun farko. Filo ne kawai a wurin.

Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Mutane suna ta kiran sunanta, tsofaffin da suka san ta da majina suna share hawaye, baƙin ma sun manta da kyamarorinsu. Amma duk sanda dandamali ya zagayo da ita gaba, sai ta dubi wurin. Ni dai ban ji daɗin komai ba har aka ja labule.

Al'adar 'yan wasan yawo ce su fito bakin ƙofa da kayan wasansu su yi sallama da kowa. Na jira layi ya ƙare, na kama hannunta.

“Ya zo fa, Chinami. Da kwat ya zo, ta ƙofar gaba, ga takalmansa ma. Tsoro ya ji kada ki faɗi, shi ya sa...”

“Na sani, Goggo. Tun kafin in ɗaga lema na sani. A tafin ƙafata na ji shi.”

“To gangara ki gan shi mana, yana nan ƙasa.”

“Tun ina yarinya ni ke gangarawa wurinsa. Yau shi ya kamata ya hau.” Hawaye ya tsaga farin fentin kumatunta, ba ta goge ba. “Da ma ya bar ni na faɗi yana kallo.”

Motarsu ta yi ham, an gama lodin akwatuna, jirgi ba ya jiran kowa. Ta rungume ni ta tafi. Ƙungiyarsu ba ta sake biyowa ta garinmu ba, kuma kafin hunturu ya fita idon Yaya ya rufe.

Amma a wannan yammacin ni ban san haka ba, fushi kawai na sani. Na gangara rami. Sauran mazan sun fita shan iska, shi kaɗai ne zaune a matakalar dutse, kwat ta yage a kafaɗa, safa ta jiƙe sharkaf, yana haki yana murmushi. Rabon da in ga murmushinsa har na manta.

“Ko girgiza ba ta yi ba ko? Na ji ta. Ƙafarta daram. Tomie, yarinyar nan ta iya.”

Da wata ƙanwar ce, da ta bar shi da murnarsa. Ni ban iya ba, na zazzage masa abin da ta ce, ban rage ko kalma ba. Murmushin ya tafi. Ya daɗe yana shafa yagar kwat ɗin da yatsa.

“Ai da ta karya ƙafa,” ya ce, a hankali, ba da ni yake ba.

Can daga tasha jirgi ya yi kuka. Muka saurara har ya yi shiru.

“Tomie.”

“Na'am, Yaya.”

“Wace irin riga ta sa?”

Na ajiye takalmansa, na zauna kusa da shi a kan jiƙaƙƙen dutsen, na fara masa daga wuya.