Injin da Taubashina Ya Aiko

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Duk faransancin da aka ɗura mini a makarantar lakkol ya zube, in ban da "wi mushe", wato "to, malam". Amma ranar da aka kwance wani inji a ƙofar gidanmu a Waca, wannan ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana bashe guda, irin a-kori-kurar nan ta zamanin da ake yin mota da ƙarfe. Da ita yake kai gero kasuwar Guci. Bayan rasuwarsa moter ɗinta ya fara tari, daga tari sai hayaƙi, daga hayaƙi sai shiru. Ta kwanta gindin darbejiya, kaji suna ƙwai a kujerar direba.

Yayarmu mace ce da in ta yi gyaran murya ko akuya takan daina tuƙa. Wata rana da damina ta zaunar da mu, ni da ƙanena, ta ce, "Ku ji ni da kyau. In aka gama yankan gero motar nan ba ta tashi ba, ƴan gwangwan zan kira su saye ta a kilo."

A kilo! Motar Baba, sai ka ce naman miya.

Ƙanena ya taɓa zaman garaji a Magarya, don haka ya ce a gyara na asali, a sake masa pisto, a wanke cikinsa. "Moter ɗin nan ya san hanyar Guci da ka," in ji shi. Ni kuwa na ce duk wanda ya leƙa aji ya san duniya ta ci gaba, a fid da tsohon a ɗora sabo. Ya ce, "To Mushe, bismilla." Haka yake kirana in yana so raina ya ɓaci.

Na sa aka ciro tsohon moter aka yar gefe, na sayar da bijimina, na buga waya tsallaken iyaka wurin ɗan kawuna, taubashina, mai harkar kayan ƙarfe. Nan maganar ta karkace, kuma har gobe ban yarda laifina ba ne. Mu nan moter muke cewa. To na san mutanen can ba su jin faransanci, sai na ce bari in sauko musu, in yi irin tasu Hausar.

Na ce, "Kai bawana, inji nake so. Mai ƙarfi, mai shan gas, wanda gero ba ya gagararsa komai yawansa."

Ya ce, "Inji dai inji?"

"Kurma ne kai? Inji!"

"An gama, tsohon banza."

Na ji wani ƙiƙi-ƙiƙi a wayar, na ɗauka rezo ne, layin waya ke rawa.

Kaya bai iso ba sai da aka ɗaure damman ƙarshe. Yaya ta riga ta aika wa ƴan gwangwan su zo washegari. Aka kawo shi a amalanke daga tasha, naɗe cikin buhuna. Na sa babbar riga, na kira maƙwabta su zo su ga ci gaba. Ana yaye buhun sai ga abu kore shar, da wata ƙatuwar ƙafa a gefe, da bel, da mazurari a kai.

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Allah ya raba mu da daka!"

Injin niƙa ne, jama'a. A can ashe in ka ce inji ka yi shiru, har ka haɗa da gero, to niƙa ka nufa.

Ƙanena ya durƙusa gabana da ladabi ya ce, "Barka Mushe. Motar Baba za ta yi tuwo."

Na ce, "Jahilci dai. Sabon samfuri ne."

"Mazurarin fa?"

"Nan ake zuba mai."

Muka ɗaga kapo, murfin gaban motar, abu ya ƙi shiga. Na ce ai irin wannan a baya ake ɗora shi, haka Turawa ke yi yanzu. Muka cicciɓa shi bayan bashe muka ɗaure. Ni kuwa har ina hango motar Baba a kan sikeli. Na naɗe riga, na kama hannun injin na murɗa. Tuf. Tuf-tuf. Tuf-tuf-tuf! Bashe ta ɗauki rawa tun daga gaba har baya, kaji suka watse ta taga. Kafin hayaƙi ya lafa matan unguwa sun fito da ƙore, sun yi layi har bakin masallaci.

Sai ga Yaya, tana ratsa layin a hankali.

Na tare ta na ce, "Yaya, cewa kika yi ta tashi. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga rawar jiki. Ba ki ce ta tafi ba."

Ta dube ni, ta dubi motar, ta sake dubana har na fara karanto addu'a. Sannan ta sauke ƙwaryar da ke kanta ta miƙo mini. Ta ce, "Ya yi laushi. In na ji tsaki a tuwona, kai zan sayar a kilo."

Da ƴan gwangwan suka zo washegari, layi suka tarar. Ɗayansu ma ya tambaya ko muna niƙa dawa.

Abin da niƙa ya kawo, da shi ƙanena ya sayi pisto, ya zauna gindin darbejiya ya tada tsohon moter ɗin da na yar. Daga nan bashe ta koma hanya da inji biyu, na gaba yana ja, na baya yana niƙa, ƙauye-ƙauye har Guci. Shi ke tuƙi, ni ina baya fari fat kamar aljani. Na buga wa taubashina in zage shi, ya ce, "Inji ka ce, inji na aiko." Taubashi kuwa ba a fushi da shi, don haka har yau ban san ko kuskure ya yi ko shaƙiyanci ba.

Yanzu in samari suka tambaye ni, a gyara tsohon moter ko a sa sabo, nakan gyara zama in ce a yi duka biyu, dama haka na tsara tun farko. Amma abin da na koya a ɓoye shi ne, in za ka aika saƙo tsallaken iyaka, faɗi abu da bakin garinku. Ni da na ari bakin wasu, direba na so zama, ga ni har tsufa ana kirana Mushe mai niƙa.