Malmalar Zakariyya

Direbobin bas na Gyadi-Gyadi sun san Indo mai tuwo, sun san miyar kukarta, amma kaɗan ne suka san yadda ta zo Kano. A bayan motar itace ta iso, shekara biyu da komawar sojoji bariki, lokacin da rikici ya tashe su daga Jos. Ita da mijinta Isyaku da 'yan matansu biyu, Binta da Zahra'u. Ɗansu Zakariyya, mai shekara tara, ya fita sayo kalanzir ranar da abin ya fara. A can suka binne shi.

Aka sauke su a wata firamare ta wajen Tarauni, kowane aji iyali huɗu ko biyar, an raba da zannuwa. Masu agaji sukan kawo masara da wake da ɗan man gyaɗa, a auna wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa. Ba gishiri, ba kuka, ba itace. Sai mace ta ɗebi kaɗan a masararta ta kai kasuwar Tarauni ta musanyo kayan miya, ta biya mai injin niƙa da wani kaɗan ɗin. Abin da ya rage, in an bi shi a hankali, yakan kai rabo na gaba da ƙyar.

Na Indo ba ya kaiwa. Baki huɗu aka auna mata, hannunta kuwa na biyar yake ɗiba. In ta kwashe tuwo sai ta ga malmala ɗaya ta yi saura, ta sa a roba ta rufe. 'Yan matan ba sa taɓawa, sun ce ta Yaya ce. Kafin gari ya waye ta yi tsami, akuyar maigadin makaranta ta samu.

Ranar da Isyaku ya ɗaga buhu ya ji shi sakayau, ya zauna kusa da murhu.

"Indo, rabo sai wani makon. Waɗannan da suke raye me za su ci?"

"Na sani, Malam."

"To ki rage hannu."

Washegari ta gwada. Ta auna na mutum huɗu, ta ɗaure bakin buhu, ta ɗora ruwa. Da ruwan ya tafasa sai ta ga kanta tana kwance ɗaurin. Ba mantuwa ba ce. Ji take in ta bar garin nan a buhu, ita da hannunta ta fitar da yaron daga gidan.

A barandar ajin ƙarshe akwai wani dattijo, Baba Inuwa, tela ne a can Jos, shi kaɗai ya iso. Shi ma akan auna masa tasa masarar tsaba, kamar kowa. Indo ta lura buhunsa ba ya raguwa, matashin kai ya mai da shi, shi kuwa wuyan rigarsa sai ƙara faɗi yake. Shayi da burodi yake samu in wani ya saya masa.

"Baba, wannan masara lefe ake tarawa da ita?" ta ce masa tana wucewa da bokiti.

"'Yata, allura na sani, ban san muciya ba. Wadda ta sani ba ta zo tare da ni ba."

"Ƙwari fa sun fara ci."

"To, su ma 'yan gudun hijira ne, a bar su."

Ta yi dariya, karo na farko tun zuwansu. Da la'asar Isyaku ya je ya ɗauko buhun a kafaɗa, dattijon na biye da shi yana cewa ai ba sai an wahala ba. Aka shimfiɗa masa tabarma. Indo ta ɗauko robar nan, ta tsaya da ita a hannu. Binta da Zahra'u suka daina ci suna kallonta.

Baba Inuwa ya dubi yaran, ya dubi robar, bai miƙa hannu ba.

"Rabon wa zan ci?"

Tun Jos ba ta furta sunan ba.

"Na Zakariyya ne, Baba."

Ya tambayi shekarunsa, ta faɗa. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, suka shafa. Sannan ya buɗe robar ya ci, ya suɗe yatsu, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Masarar gida biyu ta kai su rabo na gaba har da ragowa.

Da aka tashi sansanin suka kama ɗaki a Darmanawa, Isyaku ya sami bas yana ja, Indo ta kafa rumfa. Baba Inuwa ya yi shekara shida yana ɗinki a gefen rumfar, yana ƙorafin gishiri, kafin Allah Ya karɓi abinsa. 'Yan matan sun yi aure. Har yau in Indo ta kwashe tuwon rana takan rufe malmala ɗaya a gefe, ba ta sayarwa, sai ta ɗaga kai ta duba bakin titi ta ga wanda ya daɗe a tsaye bai ce a zuba masa ba.