Turmin Ƙiryar da Ban Samo Ba

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da wani abokina, a kan aiken Inna, mahaifiyata. Turminta ya tsage, ta kuma rantse ba ta daka a turmin kowane icce sai na ƙirya, wai sauran duk yaudara ne.

Bana damina ta yi rowa. Daga Goronyo har Sabon Birni gero ya tsaya iya gwiwa, ya bushe a tsaye. A kasuwa kuwa, in aka faɗa maka kuɗin tiyar hatsi sai ka yi salati kafin ka taya. Muka sha fura mai ruwa-ruwa, muka zaga wajen masassaƙa. Babu ƙirya. Wani ya ce masu gawayi sun gama da ita, saura guda a gonar wani dattijo a Gangara.

Babur ya kai mu, rabi a kai, rabi muna tura shi cikin rairayi. Tun daga nesa muka hango ta, ita kaɗai, kore shar, awaki kwance a inuwarta. Mai gonar bai ɓoye mana komai ba: rumbunsa wayam, masu gawayi kuma sun yi masa tayin hatsin da zai kai iyalinsa damina. Ni ma na yi nawa tayin, ina ganin taimako ne.

"Ɗana," in ji shi, "kai turmi guda za ka samu. Mu ko, awakinmu na cin 'ya'yanta, uwargida na daddawa da ƙwayar ta kai kasuwar Isa. In na sare ta, mi za ni ba su baɗi?"

Na ce yunwar bana fa? Ya ce da kaɗan-kaɗan ɗin za su lallaɓa. Wallahi ya burge ni, don na san cikinsa ba a ƙoshe yake ba. Sai ya nuna mana 'yan tsiro a gefen gona, kowane an kewaye shi da ƙaya. Irin, a cikin kashin awaki yake tsince shi, don wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsirowa. Ya ƙulla mini kaɗan a tsumma, haɗe da curin daddawa.

Ta Isa muka biyo, muka iso gida da la'asar. Tafiyar ta koya mini cewa ba kowane mai yunwa ke sayar da gobensa ba.

Inna ta kwance ƙullin, ta dube ni. "Na aike ka turmi, ka kawo min kashin awaki?" Na kwashe labarin duka na faɗa mata. Sai ta ɗauki ƙullin irin da butar ruwa ta nufi bayan ɗakinta, inda ƙasa ke da laima.

"Ni dai ba ni kai lokacin da za a yi daka cikin turmin iccen nan," in ji ta. "Zo ka haƙa min rami."